Jar Tukunya a Kicin Ɗin Mai Hoto

Ranar da man suya ya kama da wuta a gidan Mai Hoto, shi yana falo ne yana sakace rimot da tsinke. Ya ji matarsa ta rafka salati, ya leƙa kicin, ya ga harshen wuta ya miƙe daga kasko yana lasar ƙasan kabad. Ita ta riga ta kashe gas, tana laluben murfin tukunya ta kife a kai. Shi kuwa, da yake namiji ne kuma Allah ya hore masa saurin tunani, sai ya suri bokitin ruwan da ke bakin ƙofa ya sheƙa.

Wanda bai taɓa ganin abin da ruwa ke yi wa tafasasshen mai ba, kada Allah ya nuna masa. Wutar ta yi tsalle ta mari silin, ta dawo ta cafki labulen taga. Man ya fantsamo wa matar a hannun dama, tun daga wuyan hannu har gwiwa. Da hannun hagu ta kife murfin, ta fizgo labulen ta tattake shi a ƙasa, sannan ta juyo ta dube shi. Yana nan tsaye riƙe da bokiti, girarsa ɗaya ta babbake.

"Sannu da aiki," ta ce.

Daga asibiti ba ta dawo gida ba. Ta ce wa mai tasi ya yi dama, ya sauke ta a gidan yayanta.

Yayan nan nata tsohon direban tankar mai ne da ya ajiye aiki, ya rasa wanda zai yi wa hon sai mutanen gida. Mai Hoto ya girme shi, ko a takarda ko a furfura. Amma tun da ƙanwarsa yake aure, dole ya kira shi Yaya, ya rusuna masa, ya yi dariya in ya ba da labarin da ba dariya a ciki. Shi kuma Direba bai taɓa kiransa da komai ba sai Ango, duk da cewa 'ya'yan auren sun girma sun watse, babbar har ta yi nata.

Mai Hoto ya ɗan daure na 'yan kwanaki, yana cewa ai fushin mata ne, zai huce. Yana cin burodi da shayin da ya dafa a butar lantarki, don ko kallon murhun ba ya son yi. Da dare ya kwanta a gefensa na gado kamar wanda aka ba aron wuri. Babu mai ce masa ya rage ƙarar talabijin, sai ya ga talabijin ɗin ma ba daɗi. Babbar 'yarsa ta bugo waya, ko gaisuwar kirki babu.

"Baba, ruwa? A kan mai? Ko jikanka ya san ba a yi."

"Jikana bai taɓa ganin wuta tana cin gidansa ba."

"Ai da ba ta ci ba. Kai ka ba ta."

Da ya ga safa ta ƙare masa, gidan kuma ya fara warin mutum ɗaya, sai ya aske gemu, ya sayi lemo da ayaba, ya nufi gidan surukin.

Direba na zaune a bakin get kan kujerar roba, ya baje ciki yana shan iska.

"A'a! Wa nake gani? Ango ne? Shugaban 'yan kwana-kwana da kansa!"

"Yaya, barka da hutawa."

"Hutawa? Ina muka ga hutawa, muna jinyar abin da ka gasa?"

"Tsautsayi ne, Yaya."

"Tsautsayi ne ya ɗauki bokiti? Ni na ɗauka hannunka ne." Ya karɓi ledar ya leƙa ciki, ya ɓare ayaba ɗaya. "Auta ba za ta fito ba. Ta ce in gaya maka, ƙafarta ba za ta sake taka kicin ɗin nan ba sai an sa abin kashe wuta na gaskiya. In ka sa, za ta zo ta gani da idonta. In ya yi mata, ta zauna. In bai yi mata ba, ɗakinta na nan, ni ban gaji da ƙanwata ba."

"Ai wannan mai sauƙi ne. Gobe zan je in sayo."

"Za mu je."

"Kada in wahalar da kai, Yaya."

"Ka riga ka wahalar. Mutumin da ya kashe wutar mai da ruwa, in aka bar shi shi kaɗai, fetur zai sayo ya rataye a bango."

Ta tagar da ke sama Mai Hoto ya ga labule ya ɗan motsa. Ya gyara tsayuwa, ya shanye ciki. Labulen ya koma yadda yake.

Shagon kayan kariya yana tsakanin mai sayar da taya da mai sayar da fenti. Ciki cike da hulunan kwano, da takalman ma'aikata, da riguna masu ƙyalli, sai jajayen tukwanen kashe gobara jere a bango tun daga ƙanana har manya, kamar hoton iyali. Mai shagon wata mata ce mai tabarau a kan hanci, tana latsa waya. Ba ta ɗago ba.

"Na mota ko na gida?"

"Na kicin," Mai Hoto ya ce.

"Wa ke girkin?"

Direba ya yi tsaki. "Baiwar Allah, tukunya muka zo saya, ba neman aure ba."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi Mai Hoto da girarsa ɗaya, ta ajiye wayar kamar wadda aka tasa daga barci. Ta ɗauko wata jar jaka mai faɗi kamar littafi, da igiyoyi biyu suna reto a ƙasanta.

"Wannan bargon kashe wuta ne. A rataye shi kusa da ƙofa. In kasko ya kama, a kashe gas, a ja igiyoyin nan, bargon ya fito, a lulluɓe kaskon a bar shi ya huce." Ta dire wata 'yar tukunya a kan kanta. "Wannan kuma don man girki aka yi ta. A hankali take feshi, ba ta watsa man. Ga ƙararrawa, irin ta kicin, zafi take ji ba hayaƙi ba, don kada ta riƙa yi muku ihu duk sanda aka soya ƙwai. Ukun nan sun ishe ku."

A ransa Mai Hoto ya so bargon nan. Abu ne da za a saƙale a hammata a tafi da shi, ba fil ɗin zarewa, ba tiyo, ba agogon awo. Har ya hango hannun matarsa yana jan igiyoyin. Ya miƙa hannu zai taɓa, sai Direba ya fashe da dariya.

"Bargo! Sanyi ake ji a gidan? Wuta aka ce miki, wuta! Ni da kike gani na ja tanka cike da mai a kan hanyoyin da ko tsuntsu ba ya bi. Na ga wutar da ta narkar da taya har ƙarfe. Ki ce in tare ta da tsumma?" Ya ɗaga 'yar tukunyar da yatsu biyu. "Wannan kuma fa? Maganin sauro?"

"Tankarka ce za ta yi girkin?" matar ta tambaya.

Bai kula ta ba. Ya juya ga surukinsa, ya sassauta murya, irin sassautawar da ta fi ihu ciwo.

"Amma dai ɗauki, Ango. Ɗauki abinka. Ai daidai kai ne. An toye min ƙanwa, za a lallashe ta da tsumma da kwalbar feshi. In ta tambaye ni, zan ce mata iya darajarta ke nan a wurinka."

Akwai wata jijiya a wuyan magidanci da idan aka taɓa ta, kunne ya daina aiki. Mai Hoto ya janye hannunsa daga bargon kamar shi ne wutar.

"Wa ya ce wannan zan ɗauka? Dubawa kawai nake." Ya nuna wata da ta kai tsawon hannu. "Ba ni waccan."

"Irin wannan nake ajiyewa a ƙarƙashin kujera," Direba ya ce. "Don sigari."

"To waccan ta kusa da ita."

"Ta yara ce."

"Ta samanta."

"Hm. Ka fara zama mutum. Amma in da ni ne, matata ce..." Direba ya bar maganar a rataye, ya karkata baki wajen kusurwa.

A kusurwar, bayan tarin hulunan kwano, wata ƙatuwa ce a tsaye, ta kai wa mutum cinya, kafaɗunta sun yi ƙura, baƙin tiyo ya naɗe ta kamar maciji. Ko wanda ya ƙera ta bai yi zaton za ta ga cikin kicin ba.

"Ita nake so," Mai Hoto ya ce.

"Ni na fara ganinta."

"Ni zan saya."

Mai shagon ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Wannan ta ɗakin ajiyar kaya ce, ko gareji. Hoda ce a ciki. In kuka fesa ta a kicin, ƙarfinta kaɗai zai iya watso muku man a fuska, kuma sai kun gaji da cin hoda a abinci. Ba ta dace ba."

"Tana kashe wuta ko ba ta kashewa?" Direba ya tambaya.

"Tana kashewa. Rijiya ma tana kashe ƙishi, amma ba a kai ta ɗaki."

"Mun gode da wa'azi. Rubuta rasit."

Ta ɗaga kafaɗa. "Da ma ta daɗe tana tare min wuri. Amma ku ji da kyau: in ta fita ƙofar nan, ba ta dawowa. Kada wani ya zo min da fuskar tausayi." Da ta faɗi haka, Mai Hoto ta kalla.

Wajen ɗauka aka sake wani rikicin. Mai Hoto ya ce shi zai ɗauka, kayansa ne. Ya rungume ta ya ɗaga, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ya dire ta yana murmushin da ba na Allah ba. Direba ya ture shi, ya ce a ba maza wuri, ya ɗaga, idanunsa suka firfito, ya yi taku biyu ya ce takalminsa ne ke zamewa. Ƙarshe dai suka kama ta, ɗaya kai ɗaya gindi, suka fita da ita a kwance suna haki, kowa na cewa ɗan'uwansa ya sakar masa nauyin. Mai taya ya bar aikinsa ya bi su da kallo.

"Gidan mai za ku buɗe?" ya tambaya.

Babu mai numfashin amsawa.

A gida, Mai Hoto ya riga ya shafe baƙin silin da farin fenti, ya bar tabo mai kama da taswira. Suka tsaya a tsakiyar kicin suna shawarar inda za a kafa ta. Ya tuna mai shagon ta ambaci ƙofa, ya faɗa a hankali.

"Ƙofa?" Direba ya ce. "Wutar a ƙofa take tashi? Soja yana ajiye bindiga a gidan maƙwabci ne? Kusa da murhu!"

Shi Mai Hoto abin da ya fi damunsa shi ne a iya hango ta daga falo, don duk baƙon da ya zauna ya san gidan nan an ɗauki mataki. Suka ja, suka ja, har suka samu wurin da ya gamsar da su duka: lungun da ke can bayan murhu, tsakaninsa da firji, a sama daidai ƙirjin namiji. Direba ya karɓi na'urar huda bango ya ce shi ya san kanta. Tayil biyu suka tsage. Ya ce da ma tayil ɗin na banza ne, irin wanda marowata ke saya.

Da suka rataye ta, kicin ɗin ya koma kamar an kawo masa sabon maigida. Mai Hoto ya je shagonsa ya ɗauko babbar kyamara, wadda rabon da ya taɓa ta tun mutane ba su fara ɗaukar kansu hoto da waya ba. Ya gyara haske, ya durƙusa, ya ɗauke ta daga ƙasa don ta ƙara kwarjini. Ya tura wa matarsa. Wayar ta nuna ta gani.

Washegari da hantsi motar Direba ta tsaya a ƙofar gida. Ta fito daga baya, 'yar guntuwar mace, hannun dama naɗe da bandeji, jaka a hagu. Mai Hoto ya lura ba a fito da akwati ba. Yana cikin but ɗin motar.

"Sannu da zuwa, Maman yara. Ya hannun?"

"Yana nan inda ka bar shi."

Ta wuce shi. A falo ta dubi kofunan shayin da ke jere a kan tebur, kowanne da zoben da ya bushe a ciki. Ta shiga kicin, mazan biyu na biye da ita kamar masu rakiyar mai duba gini. Ta ɗaga kai ta kalli taswirar silin. Ta kalli tsagaggen tayil. Sannan ta tsaya a gaban jar tukunyar, wadda bakinta ya kusa daidai da goshinta.

"Wannan fa?"

"Ni na zaɓa," suka ce tare.

"Ni na nuna masa, Auta. Da ya bi ta tasa, tsumma zai kawo miki."

"Ni na ce a ba ni ita, Yaya. Mai shagon shaida ce."

"Babu irinta a unguwar nan."

"Ko a gidan mai sai an tona."

Ta ajiye jakarta a kan firji. Ta raɓa ta gefen murhu, ta miƙa hannun hagu ta kama mariƙin ta ja. Tukunyar ba ta ma san ana yi ba. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta haɗa da hannun ciwon, ta yunƙura, ta cije leɓe, ta saki.

"Sauke min."

Mai Hoto ya shiga lungun, ya rungumo ta, ya yi addu'a a ɓoye saboda ƙugunsa, ya dire ta a ƙasa da ƙarar da ta sa cokula suka amsa. Ta kama wuyan tukunyar ta ja. Ta ɗan karkato, ta koma ta zauna daram.

Matar ta koma gaban murhu ta tsaya inda take tsayawa kullum.

"To. Ga ni nan. Kasko ya kama. Wuta ta kai nan." Ta nuna ƙasan kabad. "Ku gaya min yadda zan yi. In ratsa ta cikin wutar in shiga lungu, ko? In na isa da raina, in ɗago abin da ya kusa nauyina da hannu ɗaya. Sannan in nemi wanda zai riƙe min tiyo."

Firji kaɗai ke gurnani.

"Ni dai," Direba ya ce yana kallon silin, "tun a shago na ce masa ta yi yawa."

Mai Hoto ya juyo. "Ka ce me?"

"Na ce ka yi tunani. Ka ƙi. Girman kai."

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Wa ya ce ta farko ta sigari ce? Wa ya ce ta biyu ta yara ce?"

"Ra'ayi na bayar. Ni na sa hannu a aljihunka?"

"Wa ya ce a kafa ta a bayan murhu? Wa ya kawo zancen soja?"

"Gidanka ne ko nawa? Mutum da furfurarsa, a ce masa faɗa rami ya faɗa!"

"Furfurar da ta girmi taka!" Abin da ya daɗe yana cin Mai Hoto ya fito da kansa. "Ina sa dogon wando kana yawo da majina, kai direba!"

"Direba? Ni kake kira direba a gaban ƙanwata? Auta, kin ji? Ɗauki jakarki. Mai ɗaukar hoton fasfo, wanda ko ƙuda ba ya shiga shagonsa!"

Ta ɗauki ludayi ta buga a murfin tukunya, bugu ɗaya mai kyau. Duka suka juyo suka dube ta.

"Yaya, kai ka fara rufe baki. Gidanka ko bokitin yashi babu. Tukunyar gas ɗinku yoyo take, tun ranar da na zo nake jin wari, na faɗa maka ka ce hancina ne. Kullum da ido ɗaya nake barci. Kuma in na sake jin labarin tayar da ta narke, ni ma narkewa zan yi."

Mai Hoto ya ji wani sanyi ya ratsa shi, har ya fara murmushi. Ta juyo kansa, murmushin ya mutu a hanya.

"Kai kuma. Ku biyu kuka tafi, ƙattin maza, babu wanda ya taɓa dafa ko ruwan zafi a kicin ɗin nan, babu wanda ya ce bari a tambayi mai shiga cikinsa. Waya ba ta aiki ne? Ai ka iya turo hoto." Ta nuna tukunyar da ludayi. "Za ka mayar da ita ka canzo wadda zan iya ɗauka?"

Amsar tana da sauƙi, kuma ya san ta. Sai dai ya tuna fuskar mai shagon da abin da ta ce, in tukunyar ta fita ƙofa ba ta dawowa. Ya kuma dubi Direba, ya ga ya harɗe hannu a kan ciki, ya karkace baki, yana jira. Jira yake ya ji kalma ɗaya, na yi kuskure, ya ɗauke ta ya kai kowane taron dangi har ƙarshen rayuwa. Jijiyar nan ta wuya ta sake miƙewa.

"Babu abin da ya sami tukunyar nan," Mai Hoto ya ce. "Ita ce daidai da gidan nan."

"Ita ce daidai."

"Ƙwarai."

"Wa zai ɗaga ta?"

"Ni."

"Kai."

"Ni mana. Ba yanzu na sauke ta a gabanki ba?"

Ta daɗe tana kallonsa. Ya san kallon. Shi take yi wa kifi a kasuwa kafin ta ce a yanka.

"To shi ke nan," ta ce. "Na yarda."

Ta sa ƙafa ta jawo 'yar kujerar tsuguno da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta tura ta bakin ƙofa.

"Jawo abarka nan kusa da ƙofa, inda mai hankali zai ajiye ta. Ga kujerarka. Tun da kai kaɗai ke iya ɗaga ta, duk sanda na kunna murhu kana nan zaune. Safe, rana, dare. Ka tashi, in kashe, kowa ya kwana da yunwa. Ranar da na waiwaya ban gan ka ba, ba sai an kira min mota ba, na san hanya."

"Maman yara, shago fa?"

"Wa ke zuwa shagon?"

Direba ya tuntsire da dariya har yana riƙe firji.

"Yaya, akwatina na but. Shigo min da shi. In ka koma ka kira mai gyaran gas kafin ka tashi unguwa."

Ya fita yana gunaguni. Ya dawo ya jefar da akwatin a falo, ya leƙo kicin.

"Sai an jima, maigadi."

Mai Hoto yana can yana jan tukunyar a ƙasa, tana kukan ƙarfe a kan tayil.

Da yamma ta kunna murhu. Yana zaune a kan kujerar da ba ta kai tsawon tafin hannu biyu ba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa, jar tukunyar na tsaye a gefensa ta fi shi tsawo. Daga falo ana jin mai sharhin ƙwallo yana ihu, wani ya ci, bai san ko wane ne ba. Ya ɗan karkata wuya.

"Ina kallonka," ta ce, ba tare da ta juyo ba.

Ta zuba mai a kasko da hannun hagu. Da man ya fara ƙara, ya kai hannu kan mariƙin tukunyar. Ita ko a jikinta. Ya zauna yana kallon bayanta, yadda take juya dankali, yadda take kare hannun ciwon daga tururi, yadda take ture kabad da gwiwa. Bai taɓa sanin girki na ɗaukar tsawon lokaci haka ba. Bai taɓa sanin kicin ɗin na da zafi haka ba. Ƙishi ya kama shi, ya miƙa hannu wajen jarkar ruwa.

"Kada ka taɓa ruwa a ɗakin nan."

"Sha zan yi."

"Ka sha in na sauke."

Ya janye hannu. Can ta turo masa faranti da ƙafa, da wuƙa da albasa a kai.

"Tun da kana zaune."

Ya fara yanka, hawaye na bin gefen hancinsa. Ya yi gyaran murya, ya leƙa falo ya tabbatar surukin ya tafi da gaske, sannan ya rage murya.

"Na ce ba. Akwai wata 'yar ƙarama a shagon, ta man girki. Da wani bargo mai igiya. In na je na sayo fa? Ba sai Yaya ya ji ba."

"Sayo mana. Tare za mu je, ni zan ɗaga in ji nauyinta. A nan bakin ƙofa za a rataye, daidai kafaɗata."

Ya ji kamar an sauke masa dutse. "Alhamdu lillahi. Kin ga sai in koma falo ke nan."

"Wa ya ce?"

"To ai kin samu wadda za ki iya ɗauka."

"Na samu. Babbar fa? Ba ka ce ita ce daidai da gidan nan ba? In wutar ta fi ƙarfin ƙaramar, wa zai ɗaga ta?"

Ta leƙo farantin, ta taɓe baki.

"Ƙanana ake yankawa. Wannan ai ka fasa ta ne kawai. Ɗauko wata."